Ranar da Kano Ta Cire Babana Daga Fim

Ni dai jama'a, duk yarinyar da ta zo ta ce min saurayi mai basira take so, zan zaunar da ita in ba ta ruwa mai sanyi, sannan in ba ta labarina. In ta ji ta ce har yanzu tana so, to ba ruwana. Masu turo min saƙo kuna cewa, "Keziah kin cika faɗa, ki riƙa yi wa Haggai uzuri," na gode ƙwarai. Amma ku bari in gaya muku abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan tukuna, sai ku faɗa min inda zan samo uzurin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Keziah Solomon, 'yar Rikoto ce ni a nan Zuru, shekarata ashirin da huɗu. Ni ke tsaron shagon hayar kaset na Babana a hanyar tasha. Baba tsohon soja ne, Saje kowa ke kiransa, kuma har yau in zai ce a kawo masa ruwan wanka sai ka ɗauka fareti yake bayarwa. Haggai kuwa shi ne wanda nake so, shi ne kuma ciwon kaina. Ɗaukar bidiyon biki yake yi da na taron coci, kuma tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga abin da ya fi kyamara nauyi ba.

Matsalar ke nan. A wurinmu Lelna, waɗanda Hausawa ke ce wa Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Golmo yake yi, wato ya kwaso sa'o'insa su yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina har bakwai. Yanzu yawancin gidaje sun sassauta, wasu a yi damina ɗaya don fita kunya, wasu ma a shafe zancen. Baba bai sassauta ba. Shi bakwai ya yi cif a kan Mama Larai kafin ya shiga soja, kuma har gobe in suka yi saɓani sai ya buɗe mata tafin hannunsa ya ce ta duba kantar da garma ta bar masa.

To da Haggai ya ga garma za ta kashe shi, sai ya zo da dabara. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce zai yi fim a kan golmo, a gonar Baba za a ɗauka, kuma Baba da kansa zai fito a matsayin uban yarinya.

"Nijeriya duka za ta ga gonarka, Baba," in ji shi. "Silimar Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato, ko'ina."

Ya san inda ya taɓa. Baba ya daɗe yana ƙorafin cewa kaset ɗari uku ne a shagonsa amma babu ɗaya da ya san akwai wani gari wai shi Zuru. Ya kaɗa ƙafa, sannan ya ce a gaban Mama da ƙanwarsa Gwaggo Magdalene:

"Ranar da na zauna na ga kaina da gonata cikin kaset na kasuwa, mai kwali, irin wanda ake haya a shagona, ranar ka gama golmonka. Ka turo manyanka. Oda ce na bayar."

Ni kuwa sakarya, a bayan labule har rawa na taka.

An ɗauki fim ɗin a daminar bara, ta 2005. Ƙarti ashirin Haggai ya kwaso, suka yi ta noman kunya ɗaya har sau biyar saboda wai rana ba ta zauna daidai ba, suka tattake wa Mama gyaɗarta kaf. Ni aka bari da tuƙa musu tuwon dawa kwana shida, har yau kafaɗata ba ta yafe ba. Baba ya ciro walkin kakanmu daga ƙasan akwati ya ɗaura, ya sa tsohuwar malfarsa, ya zauna ƙarƙashin ɗorawa. Akwai jawabin sa albarka da zai yi da Dakarci, mako biyu ya yi yana haddarsa a gaban madubin Mama. Da ya tashi yi kuwa, wallahi har mai riƙe da makirfo sai da ya share hawaye. Wajen minti arba'in wurin ya ci a cikin fim ɗin, kuma shi ne zuciyarsa. Haggai ya sa masa suna *Damina Bakwai*.

Daga nan aka shiga wata goma sha huɗu na baƙin ciki.

Ku da ke zaune kuna kallo, ba ku san yadda fim ke isowa gabanku ba. Ni na sani, don ni ke buɗe kwalin kaya kowane mako. Mai fim zai fara neman silima ta haska masa don sunansa ya fita. Bayan nan ya kai wa dillalan kaset na Kano, in sun yarda su karɓi kwalayen da ya buga, su kwafi fim ɗin su zuba a ciki, su raba wa direbobi a kai gari-gari. Abin da suka zaɓa shi muke gani a Zuru, ba abin da muka zaɓa ba. In suka ƙi, fim ɗinka ya mutu a cikin jaka.

Haggai ya sayar da babur ɗinsa, ya rataya jaka, ya shiga duniya. Ni kuma na koma 'yar hawa turmi, don a gidanmu sai ka hau turmin bayan kicin ka miƙa hannu sama kafin sabis ya kama. Ga irin saƙonnin da nake hawa turmi dominsu:

*Kezi manajan silima ya ce Juma'a zuwa Lahadi na Indiya ne da na faɗa. Ya ba ni Talata da rana. Ki yi addu'a.*

Na yi addu'a. Mutum goma sha ɗaya suka shiga, uku barci ya kai su.

*Kezi na Kaduna ya ce wa ke ciki. Na ce Baba Saje. Ya ce wane ne shi.*

*Kezi sun ce ba waƙa, ba fuskar da aka sani. Amma sun yaba hoton. Kin ci abinci?*

Na ci, Haggai. Yabon hoto na ci na ƙoshi.

Duk wannan bai dame ni ba kamar Baba. Ya riga ya gaya wa duniya. A coci dattawa "Jarumi" suke kiransa, tsofaffin sojoji in sun haɗu karɓar fansho shi suke tsokana. Kuma duk ranar da Talle direba zai sauke min kaya daga Kano, sai ga Baba ya ɓullo ƙofar shago da sandarsa, wai wucewa yake yi. Ya tsaya yana kallon hannuna ina fito da kaset ɗaya-ɗaya, in na kai ƙarshe ya yi gyaran murya ya ce, "To, a share shagon nan," ya tafi. Abin nan yana ci min rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Sai ranar Laraba da ta wuce, ina kan turmi, wayata ta yi ƙara.

*KEZI AN KARƁA! Alhaji Muntaka dillali ya zuba shi kasuwa. Talle zai kawo Asabar. Ni ma ina tafe a motar baya. Akwai 'yar magana, sai na zo.*

Laifina ɗaya a duk labarin nan, kuma na amsa shi: ihu na yi. Na diro daga turmi na karanta saƙon da ƙarfi a tsakar gida, amma ban karanta layin ƙarshe ba. Ni kaina ban tsaya a kansa ba sai da na shiga ɗaki. 'Yar magana? Na tura masa, *Wace magana?* Shiru. Na sake turawa. Sai ya yi min filashin, wato yana raye ke nan, in kwantar da hankalina. Namiji ke nan.

Kafin rana ta faɗi Baba ya gama raba oda. A aro rumfar coci da bencuna goma. A wanke janareto. A aika Ribah a gaya wa Gwaggo Magdalene, a aika Dirin Daji a gaya wa dangin Mama. Kofur Kefas, amininsa tun bariki, shi aka ɗora wa gayyato tsofaffin sojoji. Asabar ƙarfe huɗu na yamma, kowa ya zo ya ga Saje a talabijin.

Ranar Asabar na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye wadda na ɗinka don Ista, na yi ɗaurin da ya ci min rabin awa, har janbaki na goga. Tun ƙarfe goma nake leƙen hanya. Sai wajen sha biyu da rabi motar Talle ta tsaya, duk ta yi kaca-kaca da taɓon hanyar Kontagora.

"Ɗiyar Saje, yau ke da goron albishir!" ya ce yana sauke kwalin. "Ga shi nan bisa, wanga na anka ce na mutuminki na."

Na karɓa na juya shi, na sake juyawa.

"Malam Talle, ba shi ba ne."

"Shi na hwa. Duba ƙasa, ga sunanshi nan."

Na duba. Can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar tururuwa, ga sunan Haggai. Amma *Damina Bakwai* babu shi, an sa wani sunan soyayya irin wanda nake da guda ashirin a kan kanta. A jikin kwalin wata farar yarinya ce da ban taɓa gani ba, ta yafa gyale tana dariya a gindin fulawa, da wani saurayi mai baƙin tabarau. Ba gona, ba garma, ba Baba.

"Shaguna nawa ka ba?" na tambaye shi.

"Biyu nan cikin gari, sannan gobe in tahi Ribah da saura. Mi ya hwaru?"

Na ja ƙofar shago na bar ta rabi, na zura kaset ɗin a bidiyo na zauna a kan benci. Farko dai namu ne, ga tsaunukanmu, ga yaron da ya fito a saurayi yana tafiya a kan hanyar gona. Na fara sakin numfashi. Yana isa bakin gonar Baba sai hoto ya yi tsalle, sai ga mu a wani lambu mai famfon ruwa, farar yarinyar nan tana juyi tana waƙa. Na danna gaba. Wata waƙar. Na sake dannawa. Wata kuma, wannan karon cikin ruwan sama. Na bi kaset ɗin nan tun daga kai har wutsiya sau biyu. Duk inda aka yi Dakarci an cire. Golmo gaba ɗaya an cire. Abin da ya rage na Babana shi ne malfarsa da kafaɗarsa ta hagu, daga baya, lokacin da kyamara ke bin saurayin, kuma kafin ka ƙifta ido sun wuce.

Na sayi katin waya na hau kan bencin na kira Haggai. Ƙarar mota nake ji da iska.

"Kezi! Mun wuce Rijau, kin ga—"

"Ina Babana?"

"Haggai, ina ka kai min Babana?"

"Ki saurare ni. Alhaji Muntaka ya ce ba wanda zai yi hayar kaset don ya kalli noma, mutane daga gona suka dawo. Ya ce minti arba'in da yaren da daga Kano har Maiduguri ba mai ji, ba zai iya sayarwa ba. Ko in yarda a gyara, ko in ɗauki jakata. Kezi, shi ne dillali na goma sha uku. Ba ni da wani wurin zuwa."

"Shi ne 'yar magana? Wannan ce 'yar magana?"

"Na so in zo in yi wa Baba bayani da bakina."

"Baba ya tara rabin Zuru a tsakar gida! Gwaggo ta taso tun daga Ribah a kan babur da kaza a cinya!"

Na ji ya ce, "Wayyo Yesu," a hankali. Sai kuma basirar ta motsa, don ba ta taɓa barinsa ya yi shiru inda ya kamata.

"Kezi, kin tuna kaset ɗin da na bar miki a durowa? Na farkon, wanda ba a taɓa ba? Ki sa shi a cikin kwalin kasuwa. Baba zai ga kansa, jama'a su tafa, in na iso sai mu san yadda za mu yi."

Katina ya ƙare a nan, kuma gara da ya ƙare, don abin da ke bakina ba na 'yar mawaƙan coci ba ne.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, na buɗe durowar. Kaset ɗin na nan, baƙi, da rubutun Haggai a jikin farar takarda. Na ɓare takardar da farce. Na ciro na kasuwa daga kwalinsa na zura wannan, ya zauna daram kamar don shi aka yi. Na jefa na kasuwar tsirara a ƙasan jakata, na kulle shago. Duk hanyar gida ina gaya wa kaina ai ba ƙarya ba ce, fim ɗin ne na gaskiya ma. Kuma ina son Haggai, ku sani. Ina son shi har cikin raina, da shirmensa da komai, kuma kwalin nan da ke jakata shi ne aurena.

Gida ya cika maƙil. An kafa rumfa saboda hadari na haɗuwa ta gabas, an ɗora talabijin a kan teburin cin abinci an lulluɓe shi da leshi. Mama na bakin murhu da zanen zumuntar mata, tana juya dafa-duka a babbar tukunya, ga kunun zaƙi cike da roba biyu.

"Mama, ina son magana."

"Keziah, ba ki ga hannuna ba? Ɗauki faranti ki kai wa su Kofur. Kin zo da shi?"

"Na zo da shi, amma—"

"To Allah mun gode. Tafi."

Na nufi ɗakin Baba. Na same shi tsaye gaban madubi, ya sa tsohon kakinsa da ya sha guga har yana ƙyalli, ya jera lambobinsa uku a ƙirji. Wandon ya yi masa yawa yanzu, ya ɗaure shi da bel har rami na ƙarshe. Ya juyo yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Kin kalla?"

"Na kalla, Baba."

"Na hito da kyau?" Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu. "A'a, kar ki gaya min. Da idona nake so in gani."

Na fito na jingina da bango. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus.

Ƙarfe huɗu daidai, don soja ba ya latti, aka tayar da janareto. Fasto ya yi addu'a. Baba ya karɓi kwalin daga hannuna ya duba gaba da baya kamar mai duba bindigar kurtu.

"Ba su sa ni a kwali ba."

"Saje, ai manya ba a sa su a kwali," in ji Kofur Kefas. "Yara ake sawa don talla."

Aka yi dariya, Baba ya gyaɗa kai ya miƙo min. Na durƙusa gaban bidiyo na ba jama'a baya. Na zaro baƙin kaset ɗin, har na kai shi bakin injin. Sai na tuna da Talle. Shaguna biyu a cikin gari, gobe kuma Ribah. Yau za a tafa wa Baba, ya kwana yana jin Nijeriya ta gan shi, ya shiga coci gobe ƙirji a buɗe. Kafin Litinin duk wanda ya yi hayar fim ɗin ya san babu shi a ciki, sai shi kaɗai ne bai sani ba. Mutumin da ya yi wata goma sha huɗu yana wucewa ta ƙofar shagona, ni kuma in mayar da shi abin nuni a kasuwa? Na mayar da shi jaka, na laluɓo na kasuwar da ke ƙasanta, na tura shi ciki na danna.

Ban zauna ba. Na tsaya jikin turken rumfa ina kallon Baba, ba talabijin ba.

Da tsaunuka suka fito aka yi shewa. Da saurayin ya kama hanyar gona Baba ya gyara zama ya ce, "To, ga wurin nan." Sai lambu. Sai waƙa.

"Wannan lambun a ina yake a Zuru?" Gwaggo Magdalene ta tambaya da Dakarci.

Waƙa ta ƙare, Baba ya ce, "Yanzu za a zo wurin." Aka shiga ta biyu. Ya ce, "Sun mayar da shi gaba ne." A ta uku sai ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Can sai Kofur Kefas ya miƙe tsaye yana nuni.

"Ga malfar Saje! Wallahi ga malfar Saje! Keziah, mayar da shi baya!"

Na mayar. Aka tafa. Ya ce in sake, na sake, aka kuma tafawa, amma tafin ya fi na farko rauni. Da ya ce a yi na uku Mama ta ce, "Kofur, a bar shi ya wuce." Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Fim ya ƙare, sunaye suka hau, talabijin ya koma shuɗi. Mutum sama da sittin amma ba ka jin komai sai janareto. Baba bai juyo ba.

"Keziah. Akwai na biyu?"

"Babu, Baba."

"Kin sani?"

"Tun da rana."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙe ya fuskanci jama'a ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka taso daga Dirin Daji, ya ce abinci na nan kowa ya ci ya ƙoshi. Sannan ya cire lambobin nan uku a gaban kowa, a hankali, ya zuba su a aljihu, ya zagaya bayan rumbu. Da ya yi ihu ko ya fasa talabijin ɗin da ya fi min sauƙi.

Daidai lokacin ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Haggai ya sauko da jakar nan tasa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigarsa duk taɓo. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, kuma ina ganinsa zuciyata ta karye. Ya dubi fuskokin mutane, ya dubi talabijin, ya dube ni.

"Wanne kika sa?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Wanda ka sayar."

Baba ya fito daga bayan rumbu riƙe da garma. Ba irin ta yanzu ba, tsohuwar garmarsa ce ta golmo, wadda ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu. Haggai ya zube a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri, dillalin ne ya—"

"Tashi, ban yi hushi ba," in ji Baba, muryarsa a kwance. "Kano ba ta son ganin gonata, ba dole. Amma gonar tana nan inda ka bar ta, kuma dawa na jiran maimai. Na ce in na ga kaina ka gama. Ban ga kaina ba, malfa na gani. Litinin da sassafe, damina ta ɗaya."

Ta ɗaya, jama'a. Cikin bakwai. Ku haɗa da ashirin da huɗu ku gaya min shekarata nawa ranar da za a kai ni.

Bai ba Haggai garmar ba, ni ya miƙo wa.

"Ke kika kawo shi gidan nan, ke za ki ba shi. In ya karɓa, ɗana ne. In bai karɓa ba ki mayar min da ita bayan rumbu, kar in sake jin zancen."

Ya shige ɗaki ya saki labule. Masu cin dafa-duka kowa ya sunkuyar da kai a faranti, amma na san duk kunnuwansu na wurinmu. Na tako har gaban Haggai da atamfar Ista da janbakina, na miƙa masa garma da hannu biyu.

"Kezi," ya ce, ko kallon garmar bai iya yi ba. "Akwai sauran maganar. Alhaji ya yaba hannuna. Ya ba ni riƙon kyamara a fim uku, a Kano. In na yi su, ya ce na gaba nawa ne, yadda nake so, ba mai yanke min komai. Har Baba zan mayar."

"Yaushe za a fara?"

"Litinin."

Dariya ta kusa ƙwace min, irin wadda ke zuwa gab da kuka. Ruwa ya fara ɗigowa a kan rumfa. Sai wayarsa ta hau ruri a aljihun wando, a gidan da sai an hau turmi ake samun sabis, yau ga shi ta kama a tsakar gida. Ba sai an gaya min Alhaji ne ke kira ba.

"Haggai," na ce, "wata goma sha huɗu ina hawa turmi saboda kai. Garmar nan tana da nauyi, kuma ba zan riƙe ta har wayar nan ta gama kuka ba."

Ya dube ni, ya dubi labulen ɗakin Baba. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama, hannun da ake karɓar garma da shi.

Aljihun wayar ma a dama yake.